Me Ake Nema a Tsofaffin Hotunan Motoci Cikin Taɓo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni bakanike ne, kuma ina yawan ganin masu sha'awar tsofaffin motoci a Ingila suna rububin wasu hotuna marasa kala, inda ƙananan motoci ke hawan tudu cikin taɓo, jama'a na tsaye suna kallo. Wace irin gasa ce wannan, kuma me ya sa hotunan ke da daraja haka a wurinsu?
Mai karatu daga Zariya

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Abin da ka gani gasar gwajin juriya ce, wadda ba ruwanta da gudu. Ana bin doguwar hanya, sau da yawa a tashi da dare, sannan a riƙa cin karo da tuddai masu santsi da duwatsu, kuma duk motar da ta tsaya a tsakiyar hawa ana ɗaukar ta gaza a wannan tudun. Ƙungiyar Motor Cycling Club, wadda aka kafa a 1901, ita ce ta shahara da shirya ta: daga Landan zuwa Edinburgh a 1904, zuwa Land's End a 1908, zuwa Exeter a 1910, kuma har yau ana gudanar da dukkan ukun, ko da yake hanyoyinsu sun canza. Tuddai irin su Beggars' Roost da Simms da Blue Hills sun yi suna ne ta dalilinta. Direbobi kan rage iskar tayoyin baya domin su kama ƙasa, abokin tafiya kuma ya yi ta tsalle a kan kujera, abin da duk wanda ya taɓa fitar da mota daga taɓon damina zai gane hikimarsa.

Darajar hotunan kuwa, a ganina, ta samo asali ne daga kasancewarsu shaida. Tun 1904 doka ta wajabta wa motocin Birtaniya ɗaukar lamba, kuma lambar kan zauna da motar tsawon rayuwarta. Saboda haka idan mutum yana da Austin Seven ko MG a garejinsa, ya ga lambarta a hoton da aka ɗauka shekaru casa'in da suka wuce, sai ya duba lambar gasa da ke manne a jikinta, ya gwada da jerin sunayen waɗanda suka shiga, ya san wanda ya tuƙa ta da shekarar da aka yi. Ana ba da misali da MG mai lamba FC 7900, wadda Cecil Kimber, wanda ya kafa kamfanin MG, ya ci lambar zinariya da ita a gasar Land's End ta 1925. Motar da tarihinta ya tabbata haka tana ƙara kuɗi sosai.

Akwai kuma amfanin da ya shafi sana'arka kai tsaye, domin mai son mayar da mota yadda take tun asali yana buƙatar ganin siffar fitilunta, da gilashin gaba, da inda ake ɗaure safayar taya, kuma hoto yakan nuna abin da littafin kamfani bai rubuta ba. Shi ya sa ake girmama aikin mai ɗaukar hoto Bill Brunell, wanda ya bi irin waɗannan gasanni a shekarun 1920 da 1930, kuma hotunansa suna ajiye a gidan tarihin motoci na ƙasa da ke Beaulieu.

Sai dai a yi hattara, domin ana iya mayar da lamba daga wata mota zuwa wata, don haka masana ba sa gamsuwa sai lambar shasi da takardun motar sun dace da abin da hoton ya nuna.