Filin Tambaya da Amsa: Ƙugiya da Ɗaurin Dirofshot Wajen Kamun Kifin Bas

Tambaya: Malam, na fara gwada salon kamun kifin bas (wani kifin tafkuna da koguna) da ake kira dirofshot, inda darmar da ke nutsar da zare take can ƙarshen zaren, ƙugiya kuma take sama da ita. Kifi yana taɓa tanar robar da nake sawa, amma da na ja sai ya kuɓuce, zaren kuma yana yawan murɗewa. Wace irin ƙugiya ta dace, kuma ina kuskuren yake?

Amsa: Kafin ka sayi sabuwar ƙugiya, Malam, ina ganin gara ka duba yadda ka ɗaura wadda kake da ita, domin a nan mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Wannan salo, wanda masu kamun bas na Japan suka yaɗa a shekarun 1990 kafin ya karɓu a Amurka, ya dogara ne kan ƙugiya ta tsaya a kwance, ta fito daga jikin zare, tsininta yana kallon sama. Ana ɗaura ta da ƙullin Palomar, wato ƙullin da ake ninka zare biyu a yi shi, a bar ragowar zare mai tsawo, sannan a mayar da wannan ragowar ta cikin hujin ƙugiyar daga ɓangaren da tsinin yake, a jawo ta ƙasa kafin a maƙala darma. Wanda ya tsallake wannan mataki zai tarar ƙugiyarsa ta langaɓe ko ta juya baya, sai kifi ya kama roba ba tare da tsini ya shiga leɓensa na sama ba.

Game da girma, ƙaramar ƙugiya mai gajeren wuya da siririn ƙarfe, lamba 2 ko 1, ita ce ta dace da buɗaɗɗen ruwa. A soke tanar a can bakin kanta kawai, yadda sauran jikin zai riƙa kaɗawa. Idan akwai ciyawa ko rassan itace a ƙasa, a koma ga mai dogon wuya, lamba 1/0, wadda ta ɗan fi lamba 1 girma, a ɓoye tsinin cikin jikin robar.

Tazarar ƙugiya da darma takan kasance santimita 30 zuwa 45, nauyin darmar kuma giram 3.5 zuwa 10, gwargwadon zurfi da ƙarfin iska. Doguwar darma siririya ta fi saurin sulalewa tsakanin duwatsu da ciyawa. Na fi son mai ɗan matsi a kanta, wadda ba ta buƙatar ƙulli, saboda idan ta maƙale ita kaɗai za a rasa.

Akwai kuma laifin hannu. Siririyar ƙugiya a kan zaren fulorokabon (wani zaren roba da ba ya cika ganuwa cikin ruwa) mai jure nauyin fam 6 zuwa 8, wato kusan kilo 2.7 zuwa 3.6, ba ta son fizga. Idan ka ji nauyi, ka ɗaga sanda a hankali kana naɗe zare, tsinin zai shiga da kansa.

Murɗewar zare kuwa takan zo ne daga tanar da aka soke a karkace, wadda take juyi duk lokacin da aka jawo ta sama da sauri. Ka soke ta daidai tsakiya, ka rage gaggawar naɗewa, idan kuma abin ya ci gaba ka nemi ƙugiyar da aka haɗa da ɗan ƙarfe mai juyawa.