Amsoshin Tambayoyinku: Ko tsibirin Menorca ya dace da hutun iyali?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna shirin kai wa ɗanmu ziyara a Basalona, inda yake karatu, kuma ya ba da shawarar mu wuce tsibirin Menorca mu huta na mako guda. Ya ce wuri ne da ake lallaɓa muhalli, ga abinci mai daɗi, ga kayan aikin hannu. Ni kuwa abin da nake ji game da tsibiran Sifaniya shi ne cunkoso da kiɗan dare. Shin wurin ya dace da dattawa irinmu, kuma me Musulmi zai ci a can? Maigidana kuma yana tambaya ko akwai sauran alamun mulkin Musulmi a tsibirin.
Daga wata Hajiya, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗanki ya yi muku zaɓi mai kyau. Labarin da kike ji ya fi shafar Ibiza da wasu sassan Mayorka, waɗanda suke rukuni ɗaya da Menorca a cikin Bahar Rum, amma halinsu ya bambanta ƙwarai. Menorca ƙaramin tsibiri ne mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 700, mazaunansa kuma wajen 100,000 ne. Lokacin da aka yi ta jera dogayen otal-otal a gaɓar Sifaniya a shekarun 1960, mutanen wannan tsibiri suna da abin dogaro na kansu, wato kiwon shanu da yin cuku da ɗinkin takalma da ƙera kayan ado, saboda haka ba su yi gaggawar sayar da bakin tekunsu ba. A 1993 hukumar UNESCO ta ayyana tsibirin baki ɗaya a matsayin wurin da ake kare halittunsa, kuma har yau akwai lunguna da dama na bakin teku da babu gini ko ɗaya a kansu.

Wannan kariya tana da farashi, kuma baƙo ne yake biyan wani ɓangare nasa da kuɗinsa da kuma haƙurinsa. Tun daga 2016 ana karɓar harajin yawon buɗe ido a masauki, wanda a lokacin zafi yake kamawa daga Yuro 1 zuwa 4 a kan kowane mutum a kowane dare, gwargwadon darajar masaukin, ban da yara 'yan ƙasa da shekara 16. A tsakiyar lokacin baƙi ba a barin motocin mutane su isa gaɓar Macarella, sai dai a shiga bas daga garin Ciutadella ko a taka da ƙafa. An kuma hana jiragen ruwa jefa anga a kan ciyawar da ke ƙarƙashin teku, wadda ake kira posidonia, domin ita ce take tace ruwan har mutum ya hangi yashin ƙasa daga sama. Ruwan sha ma yana da ƙaranci a tsibirin, don haka idan kin ga sanarwa a banɗaki ana roƙon a yi tattalinsa, da gaske suke yi. A ganina waɗannan ƙa'idoji su ne dalilin da ya sa wurin ya cancanci kuɗin da za ku kashe, kuma wanda ya karɓe su da zuciya ɗaya zai ji daɗin zamansa.

Akwai tsohuwar hanyar dawaki mai suna Camí de Cavalls, wadda ta kewaye tsibirin tsawon kilomita 185, an raba ta zango 20. Ba sai kun ɗauki zango cikakke ba. Tafiyar sa'a guda da sanyin safiya daga ƙauyen Es Grau ta isa ku ga katangun duwatsu da aka jera ba tare da siminti ba, da ƙyamaren gonaki na karkataccen itacen zaitun daji, waɗanda kafintocin ƙauye suke yi har yanzu. Game da bakin teku kuwa, ya kamata ki sani tun daga gida cewa suturar masu wanka a can ta yi nisa da abin da muka saba, kuma a lungunan da suke nesa da gari akan sami waɗanda ba su sa komai. Wuraren iyalai kamar Es Grau da Cala Galdana sun fi dama-dama, musamman da sassafe kafin jama'a su taru.

Batun abinci shi ne inda nake so ki fi mai da hankali. A 2022 aka ba Menorca lambar yankin da ya yi fice wajen abinci a Turai, kuma yawancin abin da ya jawo mata wannan suna halal ne. Akwai cukun Mahón, wanda ya ci sunan babban birnin tsibirin, na nonon shanu, mai kusurwa huɗu, wanda ake shafe bayansa da man zaitun da jan barkono mara yaji. Akwai oliaigua, romon manoma na tumatir da tattasai da albasa da tafarnuwa, wanda ake zubawa a kan busasshen burodi a ci da nunannen ɓaure. Akwai kuma caldereta, farfesun wata dabbar ruwa mai kama da ƙaton jatan lande, wanda ƙauyen masunta na Fornells ya shahara da shi. Yana da tsada sosai, kuma a tambaya ko an zuba barasa a cikin romon, domin wasu masu girki suna yin haka. Abin da za ku guje wa shi ne sobrasada, wani jan nama mai laushi da ake shafawa a burodi, domin na alade ne zalla. Wanda ya fi yaudarar baƙo shi ne ensaimada, wani naɗaɗɗen burodi mai garin sukari a kansa da ake kawowa wajen karin kumallo, alhali da kitsen alade ake kwaɓa shi, kuma haka abin yake ga yawancin kayan fulawar gargajiya na tsibirin. Idan aka miƙo abin sha mai suna pomada, kada kamanninsa na lemo ya ruɗe ku, barasa ce aka haɗa da lemon tsami. Ɗanki ya rubuta muku jimla guda da Sifaniyanci a takarda, wadda take cewa ba ku cin alade da kitsensa kuma ba ku shan barasa, ku riƙa nuna wa mai kawo abinci.

Ta fuskar kayan hannu, tsarabar da ta fi dacewa ita ce avarca, takalmin fata mai sauƙi da manoma suka fara yi da tafin tsohuwar tayar mota, kamar dai takalman taya na kasuwannin ƙauyukanmu, wanda yanzu ya zama kayan ƙawa. Idan kuna sha'awar zane-zane, a tsakiyar tashar jiragen ruwan Mahón akwai ɗan tsibirin Illa del Rei, inda gidan zane na Hauser & Wirth ya gyara wani sashe na tsohon asibitin sojan ruwan Ingila ya buɗe a 2021.

Ga Alhaji kuwa, Musulmi sun riƙe tsibirin daga wajen shekarar 903 zuwa Janairun 1287, lokacin da Sarki Alfonso na Uku na masarautar Aragon, wadda take cikin Sifaniya ta yau, ya ci shi da yaƙi. A ƙarni na 13 shugabansa Sa'id ibn Hakam ya shahara da tara littattafai da jawo malamai zuwa fadarsa. Babban cocin Ciutadella a kan harabar tsohon masallacin Juma'a aka gina shi, kuma gindin hasumiyarsa ragowar hasumiyar kiran salla ce. A kan dutsen Santa Àgueda akwai kufan ganuwar da Musulmi suka yi mafaka ta ƙarshe a cikinta, sannan sunayen wurare masu yawa da suka fara da Bini, kamar Binibeca, gadon wancan zamani ne.

Bizar da za ta kai ku Basalona ita ce za ta shigar da ku Menorca, tunda ƙasa ɗaya ce, kuma jirgin sama daga can bai kai sa'a guda ba. Ku guji Yuli da Agusta saboda tsada da cunkoso. Ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni, ko kuma Satumba, sun fi dacewa da ku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya.