Amsa ga Yaya Alhaji a Damagaram: dalilin da ya sa ba ma barin baƙo ya kama hanyar arewa shi kaɗai

Assalamu alaikum, Yaya Alhaji. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali da dukan mutanen gida a Birni, saƙonka ya iso ni, kuma na fahimci cewa ranka ya ɗan sosu da amsar da na ba ka a waya. Ka ce kana so ku zo Norwe kai da Hajiya da yara biyu a hutun ƙarshen shekara, ka ɗauki hayar mota a Oslo, ka tuƙa da kanka har Tromso domin ku ga hasken nan mai launin kore da ke wasa a sararin sama, ni kuwa na ce a bari sai watan Yuni ko Yuli, kuma ko a lokacin ba za ka kama hanya kai kaɗai ba. Tambayarka ita ce, wace irin al'ada muka tsinta a nan har da za a hana mutumin da ya shekara 25 yana bin hanyar Tanut zuwa Agadas riƙe sitiyari. Ina roƙon ka yi mini haƙuri ka karanta bayanina har ƙarshe, domin ba raina ƙwarewarka na yi ba.

Mu Hausawan da ke zaune a nan ba mu da yawa, kuma gauraye muke, akwai ƴan Nijar, akwai ƴan Najeriya da na zangon Gana, amma mun daɗe da yin ittifaƙi a kan abu guda, wato ba a auna tafiya a ƙasar nan da kilomita, da hasken rana da halin hanya ake auna ta. Daga Oslo zuwa Tromso kimanin kilomita 1,700 ne, kusan kamar ka tashi daga Damagaram ka je Yamai ka dawo. A taswira abin ba ya da ban tsoro, sai dai mafi yawan hanyar E6 da ke zuwa arewa siririya ce, hannu ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa, tana lanƙwasa tsakanin dutse da ruwa, kuma doka ba ta yarda a wuce kilomita 80 a awa ba a wajen gari, ko 50 a cikin gari, in ban da inda alamar hanya ta yarda da ƙari, kamar ƴan manyan hanyoyi na kudu inda ake kaiwa 110. Ka haɗa wannan da cewa a Trondheim inda nake zaune, a watan Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 10 na safe ta faɗi wajen biyu da rabi, a Tromso kuwa ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Ke nan tafiyar da ka tsara, kwanaki za ka yi kana tuƙi cikin duhu a kan ƙanƙara, iyalinka kuma ba abin da za su gani ta taga sai inuwar fuskokinsu.

Batun ƙanƙarar shi ne babba, kuma a nan ne ƙwarewar gida take iya cutar da mai ita. Direban da ya saba da yashi ya san cewa idan mota ta fara nutsewa ba a sakin totur, idan akuya ta gitta kuma birki ake takawa da ƙarfi a murɗe sitiyari. A kan ƙanƙara ƙafar da ta saba da haka ita ce abokiyar gaba. Ni ma farmina na tuƙi na Nijar na zo da shi, kuma doka ta bar baƙo ya yi tuƙi da irinsa har wata uku, don haka a damina ta farko, ko in ce a sanyin farko tun da nan ba damina irin tamu, na ari motar wani ɗan'uwa na fita da asuba. Kwalta ta yi baƙi wul kamar an wanke ta, ashe ruwa ne ya daskare a kanta siriri yadda ido ba ya gani. Da na zo wata kwana na taɓa birki kamar yadda na saba, sai na ji sitiyari ya yi sakayau a hannuna kamar an cire shi daga jikin motar, fitilun suka haska itatuwa, suka haska hanyar da na baro, suka sake haska itatuwa, sannan muka kwanta a hankali cikin tulin dusar ƙanƙara ina ta salati. Gudun bai kai kilomita 50 ba. Wani manomi ne ya jawo ni da tarakta, bai karɓi ko sisi ba, ya dai durƙusa ya shafa tayata da yatsa, ya girgiza kai ya tafi. Daga baya, da na zo neman farmin ƙasar, sai na tarar cewa ba a ba kowa sai ya yi darasin tuƙi cikin duhu da wani darasi a fili na musamman mai santsi, inda ake sa ka taka birki da gangan domin jikinka ya san yadda sulɓi yake kafin ya same ka a hanya.

Ita tayar da manomin ya shafa, doka ce da ita. Daga 1 ga Nuwamba har bayan Ista dole zanen taya ya kai zurfin milimita 3, a jihohin arewa kuma wa'adin yana farawa tun 16 ga Oktoba ya kai ƙarshen Afirilu. Akwai tayar sanyi mai taushin roba, akwai kuma mai ƙananan ƙusoshi, wadda sai an biya mata haraji na daban kafin a shiga da ita Oslo ko Bergen ko Trondheim saboda tana cin kwalta tana tayar da ƙura. Kamfanin haya zai sa maka tayar da ta dace, amma ba zai sa maka sabo a ƙafa ba.

Yanzu bari in zo ga abin da ka kira al'adarmu, wato tafiya cikin ayari. Gaskiyar magana, Yaya, ba a nan muka koye ta ba, daga gida muka zo da ita, kuma kai da ka san cewa unguwar Zango ta samo sunanta ne daga saukar ayarin fatake ba sai na yi maka dogon bayani ba. Idan za mu yi doguwar tafiya, mota biyu muke fita da su a ƙalla, kowace da direba biyu, a haɗa kuɗin mai da na masauki a hannun mutum guda, a kuma naɗa wanda ya fi daɗewa a ƙasar ya zama madugu. Aikin madugu shi ne ya duba hasashen yanayi a manhajar Yr tun da dare, ya duba sanarwar hukumar hanyoyi da safe, idan ya ce yau ba tafiya, to ba tafiya, ko da an riga an biya ɗakin kwana a gaba. Ba ma wuce kilomita 300 a yini idan da yara. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, su kansu ƴan ƙasar haka suke yi idan hanya ta ɓaci. A kan tsaunuka irin su Saltfjellet da Hardangervidda, idan iska ta taso da dusar ƙanƙara, ana sauke shinge a tare motoci, a jira motar share hanya ta shiga gaba, a ƙidaya adadin da za su bi ta, wata motar aiki ta rufe baya, a tafi a jere ba mai wuce wani kuma ba mai tsayawa. Mun taɓa yin awa biyar a bakin shingen Saltfjellet a watan Fabrairu. Iska tana jijjiga motar, yara sun ƙudundune cikin bargon ulu, muna kunna inji na ɗan lokaci domin ɗumi mu kashe domin tattalin mai, ruwan da ke cikin buta ya zama dutse, sai da ruwan zafin filas muka yi alwala a gurguje ƙofa a buɗe rabi. Da aka ɗaga shingen, abin da nake iya gani kawai shi ne jajayen fitilun motar gabana da sandunan da aka kafa a gefen hanya. Na tuna maganar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, game da guguwar Tenere da yadda kowane raƙumi yake bin wutsiyar na gabansa. Shi ya sa a lokacin sanyi ba a hawa dutse sai da tanki cike, da shebur, da tocila, da abinci, da rigar nan mai ƙyalli da doka ta ce ta kasance kusa da direba. Ɗarin hunturu da ke sa mu hura wuta a tsakar gida ba kasafai yake sauka ƙasa da digiri 10 ba, a nan kuwa a cikin ƙasa, nesa da teku, 20 ko 30 ƙasa da sifili ba labari ba ne.

Akwai kuma dabbobi. Wadda suke kira elg dogayen ƙafafu gare ta kamar raƙumi, nauyinta yakan kai kilo 500, kuma ka fi ni sanin abin da ke faruwa idan mota ta daki ƙafafun raƙumi, gangar jikin ce ke faɗowa kan gilashi. Da magariba da asuba take fitowa. A arewa kuma akwai garken barewar kiwo ta ƙabilar Sami, waɗanda suke tsayawa a tsakiyar hanya suna lasar gishirin da aka watsa. Wanda ya buge dabba wajibi ne ya sanar da ƴan sanda.

To, me zai hana ka zo a Yuli? A lokacin ƙasar tana sakin jiki, hanyoyin tsauni irin Sognefjellet da ake rufewa duk tsawon sanyi suna buɗe, rana kuma ba ta faɗuwa a Tromso daga wajen 20 ga Mayu har bayan 20 ga Yuli. Hannun dama ake tuƙi kamar gida, saboda haka sitiyarin naka ne, ni dai zan zauna a gefenka. Shawarata ita ce mu bar Tromso, mu tashi daga Oslo mu bi E16 zuwa Bergen, ka ratsa ramin Laerdal da aka buɗe a shekarar 2000, mai tsawon kilomita 24.5 a cikin dutse, inda aka faɗaɗa wurare uku aka haska su da shuɗiyar fitila domin kada barci ya ɗauki direba. Daga Bergen sai mu bi gaɓar teku zuwa Trondheim, muna shiga jirgin fito da motarmu muna fita, kwana goma ba gaggawa. Koren hasken da kake so ba a ganinsa a wannan lokaci, domin sai sama ta yi duhu, kuma wannan hasara ce da ba zan ɓoye maka ba. Idan shi ne muradinka, a wata shekara ka zo a Fabrairu ko Maris, mu hau jirgin sama zuwa Tromso, wani ɗan gari ya fita da mu.

Game da salla, wadda na san Hajiya za ta tambaya, muna yin ƙasaru a hanya kamar kowane matafiyi, kuma muna bin jadawalin masallacin garin da muka sauka. A Trondheim cikin Yuni magariba takan kai bayan ƙarfe sha ɗaya na dare, ƴan'uwa na Tromso kuwa, a watannin da rana ba ta faɗuwa ko ba ta fitowa, lokutan Makka suke bi. Haɗarin wannan haske ga direba shi ne yana ɓoye gajiya, mutum yana ganin kamar la'asar ce alhali tsakar dare ya yi, shi ya sa madugu yake tsayar da mu da agogo, ba da rana ba.

Sauran batun kuɗi da takardu. Norwe tana cikin yankin Shengen ko da yake ba ta cikin Tarayyar Turai, kuɗin biza Yuro 90 ne ga babba, kimanin jaka 59 ta sefa ke nan, kuma sai da inshorar lafiya ta tafiya da ta kai Yuro 30,000. Ka zo da farminka tare da na ƙasa da ƙasa, da katin banki mai sunanka wanda kamfanin haya zai riƙe kuɗin ajiya a kansa, domin ba sa karɓar tsaba. Kuɗin hanya ba a tsayar da kowa a karɓa, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, lissafin ya biyo ka daga baya, har da na mafi yawan jiragen fito. Ka nemi mota mai amfani da mai, domin kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka sayar a nan a 2024 masu lantarki ne, kuma lissafin caji wani karatu ne da ba ka buƙata a zuwan farko. Fitila a kunne take dare da rana, kowa da ɗamara har na baya, ƙaramar ɗiyarka kuma idan ba ta kai santimita 135 ba sai da kujerarta ta musamman. Wayar nan da ba ta barin kunnenka, a ajiye ta, domin tarar riƙe waya ana tuƙi ta kai wajen kurona 10,000 a kuɗin Norwe, fiye da jaka 500, kuma ba a ba da haƙuri a bakin hanya.

Masauki kuwa, ba ma sauka otal. Ƙananan ɗakunan katako da suke kira hytte muke kamawa a sansanonin matafiya, masu murhu da tukwane, mu dafa shinkafa da miyarmu da naman halal da muka saya tun daga babban gari, saboda cin abinci a waje mutum huɗu sau uku a yini zai cinye kuɗin motar kafin a kai Bergen. Ku zo da yaji da kuka da dabino da ganyen shayi, amma don Allah kada ka sako kilishi cikin kaya, an hana shigo da nama da kayan madara daga wajen Turai, kuma na ga dattijo yana kallon ƙullinsa na Kasuwar Dole ana jefa shi a kwandon shara a filin jirgi.

Idan ka amince da Yuli, ka aiko mini da ranakun kafin ƙarshen Fabrairu domin in rubuta takardar gayyata in kama ɗakunan tun ba su ƙare ba, ka kuma haɗo da lambar takalmin kowa da tsawon yaran, saboda ko a Yuli kan tsauni sai da rigar sanyi, kuma matan unguwarmu sun riga sun fara tara muku na aro. Ka gaida Hajiya da Inna, ka ce ina nan ina jiran amsa.