Kwana a tanti a tsibirin Assateague: me ya kamata mai iyali ya shirya?

Tambaya: Malam, ina zaune a Baltimore da matata da 'ya'ya uku. Abokan aiki suna ta ba ni labarin kwana a tanti a Assateague, inda dawaki ke yawo a bakin teku. Ba mu taɓa yin irin wannan fita ba. Wane lokaci ya fi, kuma me zan tanada?

Amsa: Malam, fara da sanin irin ƙasar da za ka kwanta a kai. Assateague doguwar zirin yashi ce mai tsawon kusan kilomita 60, ta raba tekun Atlantika da gaɓar jihohin Maryland da Virginia a Amurka. Irin waɗannan tsibirai su ne ke tare wa doron ƙasa dukan teku, shi ya sa ba sa zama wuri ɗaya. Guguwar 1933 ce ta yanke shi daga Ocean City, ta 1962 kuma ta rushe hanyoyi da gine-ginen da aka fara yi don sayar da filaye, abin da ya share fagen mayar da shi wurin da gwamnati ke karewa a 1965. Don haka iska ce mai mulki a can, kuma inuwa kusan babu.

Wuraren kwana iri biyu ne a ɓangaren Maryland, dukansu ta hanya mai lamba 611 kusa da garin Berlin na Maryland ake shiga. Akwai na gwamnatin jiha, akwai na tarayya. Da yara ƙanana, ni na jiha zan zaɓar maka, saboda bandakunansa na zamani ne kuma akwai ruwan zafi na wanka. Na tarayya ruwan sanyi ne, amma a buɗe yake duk shekara, na jiha kuwa daga ƙarshen Afrilu zuwa Oktoba. Ka kama gurbi ta intanet tun da wuri, domin ranakun bazara kan ƙare watanni kafin lokaci.

Maganar lokaci, ka bar Yuli da Agusta idan da hali. Zafi ne da cunkoso, ga sauro da wasu ƙudaje masu koren kai waɗanda cizonsu ke sa yaro kuka, musamman idan iska ta juyo daga ɓangaren fadama. Satumba bayan an koma makaranta ta fi daɗi: ruwan bai yi sanyi ba tukuna, ƙwari sun ragu. Sai dai lokacin guguwar teku ne, wanda ke kamawa daga Yuni zuwa Nuwamba, saboda haka ka riƙa duba hasashen yanayi har ranar tashi.

Turakun da ke zuwa cikin jakar tanti ba su da amfani a nan, yashi ba ya riƙe su. Sayi dogaye na yashi, ka ɗaure kowace igiya, ka juya ƙofar tanti ta ba iska baya. Ka zo da rumfa mai raga don cin abinci, da maganin sauro, da hula. Itacen wuta a kusa da wurin za ka saya, ba a son a shigo da shi daga wata jiha saboda ƙwarin da ke kashe bishiyoyi. Idan yara sun shiga ciyawa, ka duba jikinsu da dare, akwai kaska.

Sai dawakin. Kada kyawunsu ya ruɗe ka, na daji ne, suna cizo suna harbi. Doka ta ce a nisance su da ƙafa 40, wato kusan mita 12, kuma ana cin tarar wanda ya taɓa su ko ya ba su abinci. Sun riga sun gane ledar abinci da kula, suna buɗewa da baki, har tanti suna yagawa idan sun ji ƙanshi. Duk abin ci, har da biskit ɗin yara, a kulle shi a mota. Za ka ga cikinsu a kumbure kamar sun ƙoshi. Ciyawar fadama ce mai gishiri ke sa su shan ruwa da yawa. Abincinmu kuwa yana iya halaka su.

Wanka a teku a yi shi inda masu ceto ke gadi kawai, kuma ba duk shekara suke nan ba. Idan ruwa ya ja mutum ciki, kada ya yi kokawa da shi, ya yi iyo zuwa gefe har ya fita daga jan, sannan ya nufo gaɓa. Alƙibla daga can arewa maso gabas take, kuma ka ɗora wani abu mai nauyi a kan dadduma kafin ka tayar da sallah.