Dalilin da Saban ya kasa a NFL amma ya yi fice a jami'a

Malam, ka tambayi yadda Nick Saban, kocin ƙwallon Amurka da ya ci kofin ƙasa na jami'o'i sau 7, ya kasa a ƙungiyar Miami Dolphins ta NFL, wato gasar ƙwararru. Matsalar tana wajen samun 'yan wasa. A jami'a koci da kansa yake shiga falon iyaye ya shawo kan yaro. A NFL kuwa bi da bi ƙungiyoyi suke zaɓen sabbin 'yan wasa, ga iyakar albashin da ƙungiya za ta iya biya.

A 2006 likitocin Dolphins suka ƙi amincewa da lafiyar kafaɗar Drew Brees, ɗan wasa mai jefa ƙwallo da ƙungiyar ke son ɗauka, aka ɗauko Daunte Culpepper mai ciwon gwiwa a madadinsa, wasa 4 kacal ya buga. Saban ya ci wasa 15, ya sha kashi 17 cikin kaka biyu. Ya koma Jami'ar Alabama a 2007, ya ɗauki kofi 6 a can.