Amsa: Shin ya kamata Manchester United ta sayar da ɗan wasanta na tsakiya Bruno Fernandes?

Malam, ka ce tunda Bruno ya haura shekara 30, kuma Al-Hilal ta Saudiyya ta zo da kuɗi masu kauri a 2025, gara a sallame shi a sayo yara. Ni dai ban goyi bayanka ba.

Na san misalin Coutinho, tsohon ɗan wasan Liverpool, za ka kawo. Gaskiya ne, Liverpool ta sayar wa Barcelona shi a Janairun 2018, ta ɗauko Van Dijk da Alisson, ta ci kofin zakarun Turai a 2019. To amma a lokacin Liverpool na da Salah da Mane da Firmino, ga kocinsu Klopp wanda ya san abin da yake nema a kasuwa. United fa? Dubi kuɗin da aka zuba wajen sayen Antony da Sancho, me aka tsinta?

Tun zuwansa daga Sporting a Janairun 2020, da wuya ka ji ciwo ya kwantar da Bruno. Fenareti shi, bugun kwana shi, ƙwallon ƙarshe da ke tsaga 'yan baya shi. Yana da mita, yana ɗaga wa alƙalin wasa hannu har ya gundure ka, wannan kam ban musa ba.

Da shi a fili United ta ƙare a ta 15 a gasar Firimiya a kakar 2024/25. Ka cire shi ka lissafa inda za a ƙare.