Yaushe ake sa -sta a harshen Finlan?

Malam, ka ce kana koyon harshen Finlan, kuma -sta da -lta sun rikita ka tunda duka "daga" suke nufi.

Ɗafin -sta, wanda suke kira elatiivi, na abin da ya fito daga ciki ne. Talo gida ne, talosta kuwa daga cikin gida. Shi -lta na abin da ya taso daga kai ko daga gefe ne: pöydältä, daga kan tebur.

Kula da wasula. Kalmar da ba ta da a, o ko u, -stä take ɗauka, kamar metsästä, daga cikin daji. Wani lokaci ma gangar kalmar na sauyawa, Helsinki ta koma Helsingistä.

Sunayen garuruwa ne ke kayar da mutane. Ana cewa Helsingistä, daga Helsinki, amma Tampereelta, daga garin Tampere. A nan haddacewa ta fi neman dalili. Akwai kuma aikatau da ke jan -sta ko babu maganar fita: pidän kahvista, ina son kofi.

Idan jarrabawar YKI, wato jarrabawar tantance iya harshe ta ƙasar Finlan, ce a gabanka, samu malami ɗan ƙasar ya riƙa duba rubutunka, don irin waɗannan kurakuran ba ka ganinsu da kanka.